Ku Tambaya Mu Amsa: Tirakata ta tsaya wuri ɗaya, ko ta mutu ne?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka taru min kusan duk kan abu ɗaya suke, wato 'yan ƙananan na'urorin nan masu kama da babban maɓallin riga da ake maƙalawa a makulli ko a jefa cikin jaka, domin in abu ya ɓata waya ta nuna inda yake, su ake kira tiraka. Na tsinci guda shida, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda wuri.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah taimako nake nema. Na sa tiraka ta Bluetooth a cikin akwatina da zan yi tafiya, da muka sauka akwatin bai fito ba, na buɗe waya sai naga tana nuna min wai yana filin jirgin da muka taso kuma an rubuta awa bakwai da suka wuce, na yi ta jan sikirin ƙasa ina rifresh har cajina ya kusa ƙarewa amma ko motsi bata yi ba, washegari kawai sai gashi ta nuna ya iso. To wai ita abar nan duk minti nawa take sabunta wuri, kuma akwai saitin da zan taɓa ta riƙa yi da sauri? Daga wani matafiyi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tirakarka lafiyarta ƙalau, kuma babu saitin da zaka taɓa, bari in yi maka bayani dalla-dalla don amsar nan ita ce uwar sauran amsoshin da ke ƙasa.

Ita wannan 'yar na'ura bata san inda take ba. Ko kaɗan. Babu GPS a cikinta, babu layin waya, babu intanet. Abinda ke ciki batir ne da 'yar lasifika da ɗan ƙaramin rediyo na Bluetooth mai ƙarancin cin wuta, irin wanda ya zo da Bluetooth 4.0 a shekarar 2010. Aikinta ɗaya ne, duk bayan 'yan daƙiƙoƙi ta saki ɗan sigina mai ɗauke da wata lamba, shikenan. Ka ɗauke ta kamar ƙararrawar da aka ɗaura wa dabba a wuya, ƙararrawar bata san dajin da take ba, kaɗawa kawai take yi, sai in wani ya gifta ya ji sannan ya zo ya ce maka ai na ji ta a wuri kaza da ƙarfe kaza.

To masu giftawar nan su ne wayoyin mutane. Wayar wani da baka sani ba, shima bai sanka ba, in ta zo kusa ta ji siginar sai ta duba inda ita kanta take, ta kulle bayanin da lambar da tirakar ta bayar yadda mai wayar ba zai iya karantawa ba, sannan ta tura wa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu da ke ajiye bayanai a intanet. Mai wayar ma bai san an yi ba, tana aljihunsa. Kai kuma in ka buɗe manhaja sai wayarka ta je ta ɗauko saƙon ta buɗe da makullin da ke wajenka. A tsarin Apple da na Google an yi abin ne yadda su kansu kamfanonin basa iya ganin wurin, kuma lambar da tirakar ke saki tana canjawa lokaci-lokaci don kada wani ya riƙa binka da ita.

Kaga kenan kafin ɗigon nan ya motsa a taswira sai abubuwa sun haɗu: sai waya ta gifta kusa, sai ta kasance cikin wayoyin da ke sauraron irin tirakarka, sai Bluetooth ɗinta yana kunne kuma ta san inda take, sannan sai tana da data ko Wi-Fi da zata tura. Ɗaya ya faɗi, shiru kake ji. Wani lokacin ma wayar da ta ji ɗin bata turawa nan take, takan ɗan tara rahotanni ta tura daga baya don kada ta cinye wa mai ita caji. Shi yasa tambayar duk minti nawa bata da amsa guda, a cikin cunkoso zaka iya ganin sabon wuri duk bayan 'yan mintuna, a ɗakin ajiyar kaya da babu mai shiga kuwa kwana biyu ma zata iya yi.

Akwatinka mai yiwuwa abinda ya faru shine waya ta ƙarshe da ta ji shi ta wani ma'aikaci ce a filin jirgin farko, daga nan ya shiga wani lungu ko cikin cikin jirgi, ƙarfe ta ko'ina, wayoyin fasinjoji kuma babu sabis a sama, sai da ya sauka ya haɗu da mutane aka sake jin ɗuriyarsa. Rifresh ɗin da kake ta yi kuwa ba tirakar kake kira ba, sabar kake tambaya ko an kawo sabon labari, ita kuma tana ce maka babu. Ko sau dubu ka ja haka zata ce.

Don haka ka riƙa fara duba lokacin da aka rubuta a ƙasan taswirar kafin ka kalli ɗigon. Ɗigon cewa yake nan aka ji ta a lokacin, ba wai nan take yanzu ba. Maimakon zaman jan sikirin, ka kunna zaɓin nan na a sanar da kai in an gano ta, ka sa ta a matsayin wadda ta ɓata ka rubuta lambar da za a same ka. In AirTag ce, wato tirakar kamfanin Apple, tun tsarin iPhone na iOS 18.2 da ya fito a Disambar 2024 akwai hanyar ƙirƙirar link na wucin gadi da ke nuna inda kayan yake, wanda zaka iya bai wa ma'aikatan kamfanin jirgi, kuma da kansa yake mutuwa bayan kwana bakwai ko da zarar kayan ya dawo hannunka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni da ƙawata muka sa tiraka a jakunkunanmu amma ba iri ɗaya bane, ita in ta bar jakarta a wani wuri kullum tana ganin sabon lokaci, ni kuwa tawa sai in ina kusa da ita take nunawa, da na yi nisa shikenan. Android nake riƙewa. Ko jabu aka bani ne? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Hajiya ba lallai jabu bace, amma akwai yiwuwar tiraka ce marar dangi. Ba kowace waya ke sauraron kowace tiraka ba, kowane kamfani da rundunarsa.

AirTag da Apple suka fitar a Afrilun 2021 tana dogara ne da tsarin Find My, wato iPhone da iPad da Mac na mutane, a lokacin ma kamfanin ya ce na'urorin da ke cikin tsarin sun kusa biliyan ɗaya, kuma sai da iPhone ko iPad ake iya haɗa ta. SmartTag ta Samsung, ta farko a 2021 da SmartTag2 a 2023, wayoyin Galaxy ne kawai ke ɗauke mata rahoto ta SmartThings Find. Tile ta girme su duka a wannan harka, kamfanin Life360 suka sanar da sayenta a ƙarshen 2021, tana aiki da Android da iPhone amma masu jin ta su ne wayoyin da ke da manhajar Tile ko Life360, ba kowa ba. Google kuma sai a Afrilun 2024 suka buɗe nasu tsarin na wayoyin Android, da sunan Find My Device, a 2025 suka mayar da shi Find Hub, kuma tirakokin Chipolo da Pebblebee da Moto Tag na cikin masu amfani da shi. Sannan akwai tarin marasa suna waɗanda basa cikin ko ɗaya, wayarki kaɗai suka sani, in kin fita daga zangon Bluetooth sai dai su tuna miki inda kuka rabu. Yadda kika bada labari ina zargin taki irin wannan ce, ki duba kwalin ko an rubuta tana aiki da ɗaya daga cikin tsare-tsaren da na lissafa.

In kuma ta Google ce, akwai wani abu da mutane da yawa basu sani ba. Da aka buɗe tsarin, saitin da wayoyi suka zo da shi shine su taimaka a wuraren da ke da cunkoso kawai, ma'ana sai wayoyi fiye da ɗaya sun ji tirakar kafin a nuna miki wurin. An yi haka ne don kare mutane daga masu bibiya, niyya mai kyau, amma sakamakon shine a titi marar jama'a sai tirakar ta yi tsit. Kina iya canja naki saitin ya koma ko'ina, sai dai wannan wasu zaki taimaka wa, taki jakar tana jiran saitin wayoyin wasu ne.

Ta ɓangaren wayarki kuma ki duba abu uku. Izinin lokeshan na manhajar ya zama koyaushe ba sai tana buɗe ba, izinin ganin na'urorin da ke kusa wanda ya shigo da Android 12 ya zama a kunne, sannan ki cire manhajar daga cikin waɗanda tsarin tattalin batir ke kashewa a bayan fage. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin mutane, wasu wayoyin Android da zarar kin kulle sikirin sai su shaƙe manhajar, ita kuma bata da bakin faɗa miki.

Shawarata ga mai shirin saye, kada ya tsaya kan wacce ta fi kyau a hoto, ya duba wace irin waya ce ta fi yawa a hannun mutanen wuraren da yake yawo.

TAMBAYA: Malam makullaina sun ɓata tun jiya, taswira tana nuna su a gidan maƙwabcina, anjima ta dawo gidana anjima ta koma can. Wallahi raina ya fara ɓaci, in je in yi masa magana ne? Daga wani magidanci.

AMSA: A'a Alhaji, dan girman Allah kada ka je. Wannan tsalle-tsallen da kake gani shi ne ma shaidar cewa makullan basu motsa ba. Ka tuna wurin da ake nuna maka wurin wayar da ta ji siginar ne, ba wurin tirakar ba. Siginar Bluetooth tana iya ratsa katanga ta kai mita goma ko fiye, a fili ma ta wuce haka nesa, to in wayar maƙwabcinka ce ta ji sai ɗigon ya faɗa falonsa, in taka ce ta ji ya dawo naka. Ƙari a kan haka ita kanta waya a cikin ɗaki bata samun tauraron GPS sosai, da Wi-Fi na kusa da turakun sabis take kintata inda take, shi yasa kake ganin wani da'ira kewaye da ɗigon, iya faɗin da'irar iya girman rashin tabbas ɗin.

Taswira aikinta ta kawo ka unguwa ko gida, daga nan sai ka ajiye ta. Ka kashe talabijin da fanka, ka danna wajen sa ta ƙara, ka bi ɗaki-ɗaki a hankali kana tsayawa 'yan daƙiƙoƙi a kowanne don waya ta samu ta kama. In ta ƙi haɗuwa a wani ɗaki ta haɗu a wani, ka samu hanya kenan. Siginar tana tafiya ne a zangon 2.4 GHz, kuma ruwa da ƙarfe da jikin mutum duk suna shanye ta, don haka makullin da ya faɗa bayan firji ko cikin durowar ƙarfe ko ƙarƙashin kujerar mota zai yi kamar yana nesa alhali yana gefenka. In tirakarka da wayarka duk suna da UWB, wata fasahar sigina mai auna nisa da saitin abin da ke kusa, kamar AirTag da galibin iPhone daga 11 zuwa sama, ko SmartTag2 da wasu manyan Galaxy, in ka matso kusa zaka ga kibiya da adadin mitocin da suka rage. Kuma ka laluba aljihun kayan da ka cire jiya da tsakanin kushin, ni dai a nan nawa suke yawan kwana.

TAMBAYA: Na canja batir sabo fil amma tirakar ko ƙara bata yi ba. Me ya faru? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, galibinsu batir CR2032 suke ci, mai faɗin milimita 20 da kaurin 3.2, kada ka sa CR2025 ko CR2016 don sun yi kama, sun fi siranta basa zama daidai. Gefen da ke da alamar + a AirTag sama yake kallo, kuma wasu batiran suna zuwa da 'yar leda manne a ƙasa sai an ɓare. Sannan akwai waɗanda ake shafa wa wani abu mai ɗaci don kada yara su haɗiye, Apple da kansu sun yi gargaɗin cewa irin waɗannan ba lallai su yi aiki da AirTag ba saboda shafin yana iya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Ka gwada wani batirin daban kafin ka yanke mata hukunci.

In har yanzu shiru, AirTag ana mayar da ita sabuwa ne ta hanyar sa batir a danna har ta yi ƙara, a cire a sake, har sau biyar, ƙarar ta biyar daban take da sauran. Amma in ta hannu ka saya kuma mai ita na farko bai cire ta daga asusunsa ba, wannan ba zai cece ka ba, sai shi ya cire. Wasu tirakokin kuma musamman siraran nan na walat batirinsu a like yake ba a canjawa, wasu caji ake musu. Tsohon batirin kada ka yar inda yaro zai tsinta, haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni, abin gaggawar asibiti ne.

TAMBAYA: Malam ina so in ɓoye irin wannan tirakar a babur ɗina saboda ɓarayi, tunda ba a biyan kuɗin wata. Ya ka gani? Daga wani mai babur.

AMSA: Ɗan'uwa gaskiya zan faɗa maka, ta fi babu amma kada ka kwanta a kanta. An ƙera ta ne don abin da ya ɓata ba wanda aka sace ba, kuma bambancin babba ne. Duk matakan da aka sa don kada a bibiyi mutane da ita, ɓarawo ma yana cin moriyarsu: AirTag in ta rabu da mai ita tsakanin awa 8 zuwa 24 tana fara ƙara da kanta in an motsa ta, kuma wayar ɓarawon, iPhone ce ko Android, zata iya sanar da shi cewa akwai tiraka da ke tafiya tare da shi. In ka cusa ta can cikin ƙarfe don kada a gani ka kashe siginar da hannunka, gara bayan roba ko cikin soson kujera. In kuma aka fita da babur ɗin inda babu jama'a, sai dai ka ga inda aka ji shi na ƙarshe.

Mai son ganin abin hawansa yana tafiya a taswira kai tsaye, tiraka mai GPS da layin waya a ciki ita ce maganinsa, ita ta san inda take kuma da kanta take turawa, shi yasa take cin wuta da yawa take kuma buƙatar data. Wanda ya haɗa biyun ya fi kowa dabara, in an gano ɗaya an cire ɗayar tana nan. Kuma in Allah ya kiyaye abin ya faru ka ga ɗigon a wani gida, ka ɗauki hoton sikirin da lokacin ka kai wa 'yan sanda, kada ka je kai kaɗai, ka ma karanta amsar da na bai wa mai makullai a sama, ɗigon yana iya nuna gidan wanda bai ji ba bai gani ba.

TAMBAYA: Malam ni bani da tiraka ko ɗaya amma jiya da na dawo gida wayata ta nuna min saƙo wai an ga wata tiraka da ba tawa ba tana tafiya tare da ni. Tsoro ya kama ni ban yi barci ba. Me zan yi? Daga wata baiwar Allah.

AMSA: Sannu 'yar'uwa, Allah ya tsare. Saƙon na gaske ne ba bairos bane, Apple da Google sun haɗa kai kan wannan, tun watan Mayun 2024 iPhone mai iOS 17.5 da Android daga 6.0 zuwa sama suna iya gargaɗi kan tirakokin kamfanoni daban-daban da suka bi wannan ƙa'ida. Wayarki ta lura ne cewa wata tiraka da ta rabu da mai ita ta daɗe tana bin duk inda kika bi.

Ki fara tunanin abu mai sauƙi, ko kin ari makullin wani ko motar wani ko jakar wani, ko wani ya manta kayansa a motarki, sau da yawa a nan zancen yake ƙarewa. In babu, ki danna saƙon, zai nuna miki taswirar inda aka fara ganin ta tare da ke, wannan kaɗai yakan tuna wa mutum wanda ya haɗu da shi a wurin. Ki ɗauki hoton sikirin. Sannan ki danna wajen sa ta ƙara ki bi sautin, aljihunan jaka, cikin shafin jakar, aljihun riga, ƙarƙashin kujerun mota da wajen ajiye taya. In AirTag ce kika samu, ki kara bayan wayarki mai NFC, wato fasahar karanta abu in an kara waya a jikinsa, a farin gefenta, shafi zai buɗe da lambar na'urar da lambobi huɗu na ƙarshe na wayar mai ita, shima ki ɗauki hotonsa.

Cire batir yana tsayar da ita, ki danna murfin ƙarfen ki murza hagu ya buɗe. Amma ki sani mai ita zai ci gaba da ganin wuri na ƙarshe da aka ji ta, kuma zai lura ta yi shiru, don haka in kina zargin wani ne da kike tsoronsa, kada ki tunkare shi kuma kada ki jefar da ita, ki sanar da wani naki da kika yarda da shi ku tafi da ita wajen 'yan sanda tare da hotunan. Kowace AirTag a ɗaure take da asusun wanda ya haɗa ta, kuma Apple sun ce suna bai wa hukuma bayanan asusun in an nema ta hanyar doka. In kuma kin bincika ko'ina baki ga komai ba kuma saƙon bai sake fitowa ba, mai yiwuwa ta wani ce da kuka yi doguwar tafiya a mota ɗaya, amma in ya sake fitowa gobe ko jibi to tana cikin kayanki, ki zazzage jakar gaba ɗaya ki sa a duba miki motar har ƙarƙashinta.